Gwajin minti goma da muke gudu



Yau ba maganar taro na zo da ita ba. Maganar sankarar bakin mahaifa ce, don Allah ku karanta har ƙarshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kaɗai, mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Abin takaicin shi ne, cutar ba rana ɗaya take kama mace ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma yawanci sai ta yi shekara 15 zuwa 20 tana canza fatar bakin mahaifa kafin ta zama sankara. Duk tsawon lokacin nan mace ba ta jin komai, kuma a lokacin ne maganin yake da sauƙi.

To me ke hana mu zuwa? Kunya, da tsoron "za a yanka ni". Wallahi wannan tsoron ya tsufa. Ma'aikaciyar jinya za ta shafa ruwan kal a bakin mahaifa, in akwai matsala wurin ya yi fari. A wasu asibitocin ma ke da kanki za ki ɗauki samfurin da ɗan tsinken auduga a kai gwaji. In an ga tabo ƙarami, akwai ɗan ƙarfe mai zafi da ake ɗorawa a wurin ƙasa da minti ɗaya, ba allurar barci, ba ɗinki, ki koma gida ranar. Za ki ga ruwa-ruwa na 'yan makonni, a ce maigida ya yi haƙuri kamar wata guda. In tabon ya yi girma, sai a tura ki babban asibiti.

Wata za ta ce, ni lafiyata ƙalau. Ai mai lafiyar ake so ta je, daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Wadda ta fara ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, kada ta jira kowa, ta tafi yau.

'Ya'yanmu kuma, tun Oktoba 2023 gwamnati ta sa rigakafin HPV cikin alluran da ake yi kyauta, an fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Zancen wai tana hana haihuwa ba gaskiya ba ne.

Ra'ayina a nan shi ne: mu ne ke cika layin zaɓe, don haka muna da bakin tambaya. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta je asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ta tambaya: ana gwajin nan? Mace ce ke yi? Akwai na'urar? In babu, mu kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, mu kuma koma mu ji amsa.

Amma ki fara da kanki, ki ja 'yar'uwa ɗaya ku tafi tare. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda cutar ta ɗauke.

A tura wa sauran mata.