Yabon da muke wa masu waƙar cikinmu

Shekaranjiya wani ƙaninmu ɗan aji biyu ya saka waƙarsa a guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa a nan Ibadan, wadda yake so ya rera ranar bikin al'adu. Kafin a ce kwabo an cika guruf da "Masha Allah" da hoton wuta. Ni kuma na bi shi ta gefe na faɗa masa abin da kunnena ya ji. Tun daga ranar ko a masallaci muka haɗu sai ya kau da kai.

Yaron yana da murya, wallahi yana da ita. Matsalar tana ƙarshen kowane layi, inda yake jan sauti yana karkaɗa shi irin na waƙoƙin Indiya. Shi a ganinsa ado ne. Amma in ka saurara da kyau, ba kaɗawa ba ce, rawa muryar take yi don iska ta ƙare masa, sai ya matse maƙogwaro yana girgiza haɓa don ya kai ƙarshe. Har shaƙar iskarsa ake ji a tsakiyar kalma.

Ni ba mawaƙi ba ne. Abokin ɗakina ɗan kwayar coci ne, shi ya wayar min da kai. Kaɗawar murya ta gaskiya, wadda suke kira bibrato, sautin ne ke ɗan hawa da sauka daidai wa daida, kamar sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa. Ba a ƙaƙalo ta. Da kanta take zuwa in maƙogwaro ya saki kuma iska na fitowa a hankali daga ƙasa. Aikin na tsokar nan ne da ta raba ƙirji da ciki: in ka shaƙa, ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗu su zauna inda suke. Ƙanin namu kuwa na taɓa ganinsa yana rerawa, kafaɗunsa har kunne suke kaiwa.

Kuma fa wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san ba a barinka ka yanke numfashi inda ka ga dama, in maddi mai haraka 6 ya fi ƙarfinka a maimaita za ka yi. Mun taso muna jin yadda Abdulbasit yake jan aya doguwa da numfashi ɗaya. Shata, Allah ya jiƙansa, a fili yake waƙa a kan kalangu, babu na'urar da ke rufa masa asiri. To me ya sa in aka zo kan waƙar ɗan'uwanmu sai mu ce komai ya yi?

Za a ce kara ce, kar a kashe wa yaro gwiwa. Na yarda, shi ya sa ban yi maganar a guruf ba. Amma ranar taro babu Auto-Tune, makirufo ce kawai da ɗalibai daga ko'ina, cikinsu har da waɗanda kullum da yamma muke jiyo su suna gwajin murya. Kuma ya ce min kuɗin abincinsa zai kai situdiyo. Mu da muke digiri na biyu mun san zafin jan biron sufabaiza, amma wa zai so a bar shi ya shiga difens da babi a karkace?

Abin da na ce masa kaɗan ne. Ya ajiye kaɗawar nan tukuna, ya riƙe sauti ɗaya miƙaƙƙe. Ya kwanta rigingine, ya ɗora littafi a ciki, ya ga yana ɗagawa in ya shaƙa. Ya riƙa fitar da iska da "sss" yana duba agogo. Ya sauke waƙar ƙasa kaɗan, ya yi alama a takarda inda zai numfasa.

Saura sati uku bikin. Jiya da daddare ya turo min saƙon murya, babu ko sallama, "sss" ne kawai na daƙiƙa 14. Na rubuta masa ya kai 20 kafin Juma'a.