Shawarar Da Ta Wuce Mako Biyu Ba Ta Jiran Arba'in

Jama'ar Fassi da Kibiya da Rano, manoma da 'yan kasuwa, ga maganar da ta shafi kowane gida mai jego.

Kowa ya san shawarar jarirai. Idon yaro ya yi rawaya kwana biyu ko uku bayan haihuwa, galibi ta washe kafin mako biyu, ko da yake ita ma in ta yi tsanani asibiti take so. Saboda haka muka saba cewa a bari, za ta wuce. To, akwai wadda ba ta wucewa.

Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci wanda ke taruwa a matsarmama, ya bi ta wata siririyar hanya zuwa hanji. Shi ke ba kashi launinsa. Cikin jarirai dubu 10 zuwa dubu 20 akan sami ɗaya wanda hanyar nan tasa ta toshe. Ruwan ya rasa mafita, sai ya tsaya yana cin hanta. In ba a yi aiki ba, yawancinsu ba su kai shekara biyu.

Me ke kawo ta? Likitoci suna tuhumar ƙwayoyin cuta, da garkuwar jiki in ta juya wa mai ita, da tangarɗar halitta tun a ciki. A Ostareliya ma an ga tumakin da suka ci wani tsiro lokacin fari sun haifi 'ya'ya masu irinta, a 2015 aka gano gubar. Amma ba maita ba ce, ba a ɗaukarta, ba kuwa nonon uwa ne ya ɓaci ba. Kada wata gwaggo ta sa a raba yaro da nono.

Ga alamunta. Rawayar ido ta zarce kwana 14. Kashin da ya kamata ya zama ruwan ɗorawa ko kore ya koma fari-fari kamar farar ƙasa. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, har ya ɓata zane. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne da fari yaron yana shan nono, yana ƙiba. Kumburin ciki da rama sai daga baya, sa'ad da ɓarna ta yi nisa.

Wani likitan Japan, Morio Kasai, ya bayyana aikin da ake yi a 1959, watau a haɗa hanji da hanta domin ruwan ya sami hanya. Aikin ya fi cin nasara kafin yaro ya cika kwana 60. To, ku 'yan kasuwa ku yi lissafi. Mai jego ta zauna ɗaka har arba'in, saura kwana 20. A cikinsu za a gwada jiƙo da rubutu, a sayar da akuya, a je Rano, a sami takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a bi layin gwaji. Kwana nawa suka rage?

Taiwan ta raba wa iyaye kati mai hotunan launin kashi a duk ƙasar tun 2004, aka riƙa gane cutar da wuri. Waɗanda suka iya lulluɓe bangon kasuwa da hotunansu lokacin zaɓe ba za su ce takarda ta yi tsada ba. Muna kira ga Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano ta buga irinsa da Hausa da ajami, ta ba ungozomomi da wanzamai, gama su ke ganin jariri tun kafin ranar suna. A kuma umarci ma'aikatan rigakafi, in an kawo yaro allurar mako shida, su dubi idonsa, su tambayi uwa launin kashinsa.