Lasin Jirgin Sama Ba Abin Alfarma Ba Ne

'Yan uwa mazauna Ikko, musamman jama'armu ta Agege, wataƙila wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro ko ɗan dako da dokar ba kamfanonin jiragen sama lasin, tun da shi in zai je gida tirela ko doguwar mota yake bi? To, sai ya ɗaga kansa sama. Jiragen da ke sauka filin Murtala Muhammed ta fuskar arewa bisa rufin ɗakunanmu suke wucewa dare da rana, har mun daina jin ƙararsu.

Ranar Litinin 3 ga Yuni 1912 ba ta cikin tarihinmu, amma Lahadi 3 ga Yuni 2012 tana ciki. A ranar ne jirgin kamfanin Dana da ya taso daga Abuja, injinansa biyu suka mutu, ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, nan maƙwabtanmu. Duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da waɗansu da ke zaune a gidajensu, ba su sayi tikiti ba, ba su yi niyyar tafiya ko'ina ba. Shekara goma kafin nan, ranar 4 ga Mayu 2002, haka jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano jim kaɗan da tashinsa. Saboda haka takardar da ake ba mai jirgi ta shafi wanda ke ƙasa kamar yadda ta shafi wanda ke sama.

Mece ce wannan takarda? Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wato NCAA, ita ke ba da ita, kuma mai nema sai ya tsallake matakai biyar. Da fari ya je ya bayyana niyyarsa, sa'an nan ya miƙa takardar nema. Daga nan a zauna a bi littattafansa shafi-shafi, a ga yadda zai horar da matuƙa, da yadda zai riƙa gyaran jiragensa, da ko wane ne zai ɗauki alhaki in an yi ganganci. Mataki na huɗu shi ne mai wuya, domin sai ya tashi jirgin ba da fasinjan kuɗi ba, masu duba aiki na hukuma suna zaune ciki suna lura. Sai ya ci wannan jarrabawa tukuna a damƙa masa lasin, kuma ana iya karɓewa ko yaushe.

Ba mu sami wannan tsari da araha ba. A cikin Oktoba 2005 jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun da mutum 117. A cikin Disamba na wannan shekara na Sosoliso ya ƙone a Fatakwal, akasarin mamatan 'yan makaranta ne. Ranar 29 ga Oktoba 2006 kuwa na ADC ya faɗi a Abuja, muka rasa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansa da rahama. Bayan waɗannan musibu ne aka sa hannu kan dokar 2006 wadda ta ba hukumar 'yancin yanke hukunci a kan sha'anin tsaron lafiya, aka kuma ce daga ƙarshen Afrilu 2007 duk kamfanin da ba shi da jarin Naira miliyan 500 ya daina jigila a cikin gida. Kamfanoni da dama suka nade tabarmarsu. A 2010 Amurka ta sa Nijeriya a sahun farko na ƙasashen da ta amince da yadda suke sa ido kan jiragensu.

Abin da muke tsoro shi ne hannun manya. A ƙarshen Mayu 2023, kwana uku kafin miƙa mulki, aka yi bikin nuna jirgin Nigeria Air a Abuja, alhali kuwa kamfanin bai sami wannan lasin ba, jirgin ma na kamfanin ƙasar Habasha ne aka yi wa fenti. Hukumar ta ƙi ba da takarda don an yi biki, kuma hakika ta cancanci yabo. Amma a Afrilu 2024, da jirgin Dana ya zame daga kan titin sauka a nan Ikko, minista ne ya ba da umurnin dakatar da kamfanin. Ko da hukuncin ya dace, ƙofar da ya biyo ba ta dace ba, domin bakin da ya iya cewa a rufe yau, shi zai iya cewa a buɗe gobe.

Mu ma akwai namu. An dakatar da jiragen Boeing 737 na Max Air a Yuli 2023, an kuma tsayar da jigilarsa ta cikin gida na wata uku bayan tayar jirginsa ta fashe a Kano a Janairu 2025. In irin wannan ta faru, kada kishin Arewa ya sa mu ce an tsangwami namu. Wa ke cika waɗannan jirage in ba mu ba? Iyayenmu ne suke shiga zuwa aikin Hajji. Waɗanda suka manyanta ba su manta da Yuli 1991 ba, sa'ad da jirgin da aka ɗauko haya daga Kanada don maido da alhazan Sakkwato ya kama da wuta a Jidda, mutum 261 suka halaka. Bincike ya nuna tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka, aka bar shi ya tashi don kada a makara. Kamfanin nan yana da takardunsa. Abin da aka rasa shi ne mai cewa a'a ana sauraronsa.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 in sun sami ganawa da su, su nemi abu biyu. A wadata hukumar da ƙwararrun masu duba jirage, a biya su albashin da kamfani ba zai iya sayensu da shi ba. Sa'an nan duk lokacin da aka karɓe lasin wani kamfani ko aka mayar masa, a buga dalilin a fili, da Hausa ma a gidajen rediyo, yadda mutumin Agege zai ji ko wane gyara aka yi kafin jirgin ya sake bi ta kansa.