Kanumfarin Zanzibar: Pemba Ke Noma, Unguja Ke Awo

Babu kasuwar da za a shiga a ƙasar Hausa, babba ko ƙarama, a rasa kanumfari a faifan mai kayan yaji. Da shi ake gyara kunu da fura, da shi ake haɗa yajin mai jego, mai ciwon haƙori kuwa ya san amfaninsa. Sunansa ma baƙo ne, daga Larabci ya zo, watau ƙaranful. Mutanen bakin tekun gabashin Afirka, masu harshen Sawahili, su kuma suka mai da shi karafuu. To, wannan ɗan abu da ake saye a ƙulli shi ne ya raya wata daula, yana kuma cikin abin da ya kayar da ita, har yau kuwa rigimarsa ba ta kwanta ba. Daular nan ita ce Zanzibar.

A watan Oktoba na 2025 aka yi zaɓe a ƙasar Tanzaniya. Hukumar zaɓe ta ce Samia Suluhu Hassan, wadda ita kanta mutuniyar Zanzibar ce, ta sami fiye da kashi 97 cikin 100 na ƙuri'u, bayan an hana manyan abokan hamayyarta tsayawa. Aka yi tarzoma a birane, aka zub da jini. A Zanzibar kuwa, wadda ke da nata shugaba da tata majalisa a cikin tarayyar, aka ce Hussein Mwinyi ya sake ci, 'yan hamayya suka ce ba su yarda ba. Wannan ba sabon abu ba ne a can. Tun daga 1995, in ban da na 2010, ba a taɓa yin zaɓe a Zanzibar an rabu ana yi wa juna barka ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wanda ke son ya san dalili, sai ya bi sawun kanumfari.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ne cikin Tekun Indiya. Babban shi ne Unguja, inda birni yake, da fada, da tashar jiragen ruwa. Ƙaramin, a arewa da shi, shi ne Pemba, wanda Larabawa suka yi wa laƙabi da Koren Tsibiri saboda ni'imarsa. A ƙidayar 2022 mutanen tsibiran biyu sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Fiye da rabin miliyan daga cikinsu a Pemba suke. Mafi yawan itatuwan kanumfari a Pemba suke. Amma sikeli, da baitulmali, da mai yanke farashi, duk a Unguja suke zaune.

Asalin itacen ba na Afirka ba ne. Daga tsibiran Maluku ya fito, cikin ƙasar Indonesiya ta yanzu, inda Turawan Holan suka daɗe suna tsaronsa kada irinsa ya fita. Faransawa suka sato iri zuwa tsibirin Morishus, daga wannan nahiya kuma ya iso Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sayyid Sa'id ɗan Sulɗan, Sarkin Oman, ya ga ƙasar ta karɓi itacen, sai ya matsa wa masu gonaki su dasa. A 1840 ya ƙaurar da fadarsa daga Maskat ya dawo Zanzibar da zama. Ba a daɗe ba tsibiran nan biyu suka zama su ke ba duniya mafi yawan kanumfarin da take ci.

Amma fa kanumfari yana son hannu da yawa. Itacen yakan yi shekaru kafin ya fara bayarwa, kuma ba 'ya'yansa ake so ba, tohon furensa ne tun bai buɗe ba. Sai an hau an tsinka da hannu cikin 'yan kwanaki, a tsince, a shanya a tabarma har ya bushe ya yi duhu. In aka makara fure ya buɗe, an yi asara. Saboda haka masu gonaki suka dogara ga bayi, waɗanda ake kamowa daga cikin ƙasa, har daga wajen manyan tafkuna, a sayar a kasuwar Zanzibar. Arzikin daular a kan wuyan waɗannan bayin Allah aka gina shi. A 1873 Ingilishi suka tilasta wa Sarki Bargash ya rufe kasuwar bayi, a 1890 suka sa ƙasar ƙarƙashin kariyarsu, a 1897 kuma aka soke bauta a shari'a.

Akwai abu biyu da suka raba halin Unguja da na Pemba, waɗanda har yau ake girbin abin da suka shuka. Na farko, a 1872 wata babbar guguwa ta auka wa Unguja ta karya galibin itatuwanta, Pemba kuwa ta tsira. Tun daga nan noman ya rinjaya can. Na biyu, a Unguja manyan gonakin Larabawa sun cinye ƙasa mai kyau, suka tura 'yan asalin tsibirin zuwa gabas inda duwatsu suka yi yawa. A Pemba kuwa 'yan ƙasa da yawa sun mallaki itatuwansu da kansu, sun yi auratayya da Larabawa, talaka da mai hali duk abu ɗaya suke nomawa. Watau a Unguja kanumfari ya zama alamar ƙwace, a Pemba ya zama gādo.

Bayan an soke bauta, masu gonaki suka shiga cin bashi don biyan 'yan ƙodago. Masu ba da bashin kuwa galibi attajiran Indiyawa ne na birni, waɗanda kuma su ne masu saye su fitar waje. Aka yi ta jinginar da gonaki, har Turawan mulki suka ji tsoron ƙasa za ta kuɓuce wa masu ita. A 1934 suka yi dokar hana gona faɗawa hannun mai bin bashi, a 1937 kuma suka ba wata ƙungiya ta masu noman kanumfari, wadda ke ƙarƙashin ikon gwamnati, iznin ita kaɗai za ta sayi amfanin. Indiyawa suka kai kuka gida, 'yan kasuwar Indiya suka ƙaurace wa kanumfarin Zanzibar, sai a 1938 aka yi sulhu. Nan ne asalin al'adar mai saye ɗaya. An kafa ta da sunan ceton manomi daga mai ba da bashi da ruwa, amma ta buɗe ƙofar da ba a sake rufewa ba.

Da mulkin kai ya gabato, siyasa ta bi wannan tsagi. A zaɓen Yuli na 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi ta Abeid Karume, mai ƙarfi a Unguja, ta sami kashi 54 cikin 100 na ƙuri'u, amma kujeru 13 kaɗai ta samu cikin 31. Sauran 18 suka tafi ga haɗin gwiwar jam'iyyu biyu, wanda ya sa Muhammad Shamte, mutumin Pemba, ya zama Firayim Minista. Ran 10 ga Disamba 1963 Ingilishi suka miƙa mulki. Wata ɗaya tak bayan haka, ran 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya hali, Sarki Jamshid ya gudu, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, galibinsu Larabawa. Karume ya hau mulki, ran 26 ga Afrilu kuma ya haɗa ƙasarsa da Tanganyika ta Julius Nyerere, aka sami Tanzaniya.

Sabuwar gwamnati ta karɓe manyan gonaki ta raba wa talakawa eka uku-uku, wannan kuwa ya share hawayen mutane da yawa. Amma ba ta saki sikeli ba, sai ma ta ƙara riƙe shi. Aka kafa kamfanin ciniki na gwamnati, wanda ake kira ZSTC, aka ce duk mai kanumfari a nan zai sayar, a kan kuɗin da aka yanka masa. Wanda aka kama ya fitar da shi ta wata hanya, hukunci mai tsanani ke jiransa. A shekarun da kanumfari ya yi tsada a duniya, gwamnati ta tara kuɗi a bankunan waje, ta gina dogayen benaye a unguwar Michenzani ta birnin Zanzibar, alhali manomi ɗan kaɗan ake ba shi daga abin da aka sayar. Mutanen Pemba, waɗanda ake yi wa kallon ba su goyi bayan juyin ba, suka ga kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya biyo baya kowane ɗan kasuwa zai iya faɗinsa tun ba a gaya masa ba. Manomi ya daina dasa sababbin itatuwa, tsofaffi suka yi ta mutuwa. Mai ƙarfin hali ya loda buhunansa a jirgin katako da dare ya nufi gaɓar Kenya, inda ake biyan kuɗi mai kauri. Ana cikin haka Indonesiya, wadda ita ce babbar mai saye domin tana haɗa kanumfari cikin taba sigari, ta faɗaɗa nata noman har ta wadatu. A shekarun 1980 farashi ya faɗi warwas. Yau Indonesiya ce kan gaba a noman kanumfari, Madagaska na biye, Zanzibar kuwa an bar ta a baya.

Da aka dawo da jam'iyyu da yawa, ɓacin ran nan ya fito a akwatin zaɓe. A 1995 jam'iyyar CUF ta Maalim Seif Sharif Hamad, mutumin Pemba, ta cinye kujerun Pemba kaf, amma aka ce ya faɗi takarar shugabanci da ƙasa da kashi ɗaya cikin 100. A Janairu 2001 jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, mutum fiye da talatin suka mutu, galibi a Pemba, wajen dubu biyu suka tsere Kenya. Sai a 2010 aka yi sulhu, jama'a suka amince da gwamnatin haɗin kai, inda wanda ya zo na biyu zai zama mataimaki na farko. A shekarar ne kuma aka fara samun shugaba ɗan Pemba, Ali Mohamed Shein. A zamaninsa, daga 2011, aka ɗaga kuɗin manomi zuwa kashi 80 cikin 100 na farashin duniya, fasa-ƙwauri kuwa ya ragu. Amma sulhun siyasa bai ɗore ba: a 2015 shugaban hukumar zaɓe ya soke zaɓe ana tsakiyar ƙirga. Maalim Seif ya rasu a 2021 bai taɓa hawa kujerar da ya nema sau shida ba.

Masu goyon bayan mai saye ɗaya suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce kanumfari shekara guda ya cika rumbu, shekara biyu ko uku ya yi rowa. In babu hukuma mai riƙe farashi, 'yan baranda za su cinye manomi a shekarar yalwa. Sun ce hukuma ce ke tsare kyawun haja, kada a gauraya ta da ƙasa da itace sunan ƙasar ya ɓaci. Masu suka kuwa sun ce kason da aka ba manomi yau alheri ne na mai mulki, wanda ya bayar kuwa yana iya janyewa. Matuƙar ba shi da wata ƙofa da zai kai kayansa, to ba shi da bakin ciniki. Ba a kuma iya ɗora wa babban yankin Tanzaniya wannan laifi, domin sha'anin kanumfari a hannun gwamnatin Zanzibar yake.

Dattawan fatake na Kano da Gusau ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga zamanin hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949, sun ga dalar gyaɗa ta tashi, sun ga yadda buhu ke tsallaka iyaka duk lokacin da farashin wancan gefe ya fi, sun kuma ga an rushe hukumomin a 1986 bayan gyaɗar ta riga ta tafi. Malamai kuma sun san fuƙaha'u sun daɗe suna tattauna mas'alar yanke farashi, da sharaɗin kada a cuci mai kaya, kada kuma a cuci mai saye.

Yanzu kanumfari ba shi ne babban abin da ke kawo wa Zanzibar kuɗin waje ba, baƙi masu yawon buɗe ido ne, waɗanda suka haura dubu 700 a 2024. Sai dai manyan masaukan baƙin nan galibinsu a gaɓar Unguja suke, Pemba kaɗan take gani. Watau haja ta sāke, amma rabon bai sāke ba. Ƙuri'a a Zanzibar ba za ta daina zama abin faɗa ba sai ran da mutumin Pemba ya tabbata cewa awon da ake yi masa, na buhu da na akwatin zaɓe, awo ne na gaskiya. Allah ya sa masu riƙe da sikeli su gane.