Kyautar Na Ɗaya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

'Yan'uwa ɗalibai masu shirin zama malaman Hausa, a ganina yadda ake raba kyauta a makarantunmu ba ya gyara halin yara. Sai ƙarshen zango a kira na ɗaya zuwa na uku a ba su littattafai, saura su tafa. To, wanda ya san ba zai taɓa shiga cikinsu ba, me zai hana shi surutu?

A Masaka, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, aji ɗaya kan haɗa Gbagyi da Tibi da Ibo, da yawansu Hausar kasuwa kawai suke ji. Ni ma da ita na fara. Ranar da irin wannan yaro ya daure ya bambance "kafa" da "ƙafa" a gaban aji, nan take ya kamata a tafa masa, ko a ba shi alli ya rubuta su. Ko kwabo ba a kashe ba.

Makarantar allo ta riga mu. Duk wanda ya sauke, komai daɗewarsa, akan yi wa allonsa zayyana, a yi walima. Dorinar malam ce dai ba na so mu aro.