Kaka da Jika Bayan Rabuwar Iyaye: Haƙƙin da Ya Kamata Alƙali Ya Rubuta

Idan aure ya mutu a Dutsin-Ma ko a Kurfi, tambayar da ke biyo baya ita ce wa zai riƙe yaran. Amsar da aka saba ji a zaure guda ce: ɗa na uba ne. Da zarar an yaye shi, ko uwarsa ta sake aure, sai a aiko a ɗauke shi, a damƙa wa matar uba ko wata gwaggo. Uwar matar, wadda ta dafa ruwan jego, ta goyi yaron, aka kuma yaye shi a ɗakinta, ba a cika neman jin ta bakinta ba. Daga ranar nan ganin jikanta ya koma alfarma. In an ga dama a kawo mata shi da sallah, in ba a ga dama ba shekara ta zagayo ba ta sa shi a ido ba. Idan kuwa uba ne ya rasu, uwa ta koma gidansu da marayu ko ta yi aure a wani gari, sai abin ya juya, iyayen mamacin su zama 'yan kallo.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tsari a matsayin shari'a, alhali al'ada ce da ta saɓa wa littattafan da alƙalan Jihar Katsina ke hukunci da su. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya aure, saki, riƙon ƙananan yara da gadon Musulmi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma mazhabar da ake bi ita ce Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, da Mukhtasar na Khalil sun dace a kan cewa haƙƙin reno, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yana komawa ga mahaifiyarta. Bayan kakar wajen uwa sai 'yar'uwar uwa, bayan matan dangin uwa sai kakar wajen uba. Shi uba yana zuwa ne bayan kakannin mata biyu. Abin da ke hannunsa shi ne walicci: ciyarwa, kula da tarbiyya da karatu, da aurarwa.

Asalin wannan hukunci sananne ne. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar bin Khaɗɗab, bayan ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, ya iske ɗansu Asim yana wasa a harabar masallacin Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka yi jayayya har gaban Khalifa Abubakar, wanda ya umarci Umar ya bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ja ba. Uban da ke tunƙaho da cewa babu mai raba shi da jininsa yana da abin lura a nan.

Fiƙihu ya kuma yi iyaka ga hujjar nisa. Uba na iya tafiya da yaro idan zai ƙaura ya zauna a wuri mai nisan barid shida, wato fiye da kilomita 100, kuma hanya da wurin suna da aminci. Kurfi tana kan titin Katsina zuwa Dutsin-Ma, kuma tsakanin waɗannan garuruwa uku babu inda aka kai wannan nisa. Saboda haka wanda ya sami aiki a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ya buɗe shago a birnin Katsina, ba shi da hujjar karɓe yaro daga kakarsa da ke Kurfi. Mai komawa Abuja ko Legas da zama, shi ne maganarsa ke buƙatar duba.

Abin mamaki shi ne al'adar Bahaushe ita kanta ta san darajar kaka. Kunyar ɗan fari takan hana iyaye kiran sunansa ko nuna masa so a fili, sai kaka ta cike gurbin. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yi, yaye kuma a wurin kaka. Wasan da ke tsakaninsu, inda kaka ke kiran jikanta miji, jikanya kuwa kishiya, yana buɗe wa yaro ƙofar faɗin abin da ba zai iya faɗa wa uba ba: dukan da ya wuce kima, yunwa, ko hannun da ya taɓa shi inda bai dace ba. Wannan kariya ce ta gaske. Al'adar da ta gina wannan kusanci ita ce kuma ke yanke shi ranar da aure ya mutu, daidai lokacin da yaro ya fi buƙatarsa.

Halin da yankin ke ciki ya ƙara wa maganar nauyi. Hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun bar marayu da zawarawa a ƙauyuka da dama. A Afrilun 2020 kaɗai, 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 47 a hare-haren da aka kai ƙananan hukumomin Dutsin-Ma, Ɗanmusa da Safana. Iyalai sun watsu, wasu sun shigo garin Dutsin-Ma, wasu sun nufi Katsina, maza matasa sun tafi cirani. A gidaje da yawa tsohuwa ce ta rage da jikoki, ba tare da takardar kotu ba, ba tare da wanda aka ɗora wa ciyarwa ba. Ranar da wani baffa ya zo ya ce zai kwashe su, ko ya kai su almajiranci, ba ta da abin nunawa.

Akwai giɓi uku da ya kamata a dube su. Na farko shi ne ziyara. Littattafan sun tsara wanda zai riƙe yaro, sun kuma tabbatar wa uba damar duba ɗansa, amma kakan da riƙo bai faɗo kansa ba an bar shi ga zumunci da kyautatawa. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta cike wannan giɓi a dokar iyali ta 2004: idan ɗaya daga cikin iyaye ya rasu, iyayensa ne ke maye gurbinsa a haƙƙin ziyara. Faransa ta rubuta shi a matsayin haƙƙin yaron ne ya ci gaba da hulɗa da kakanninsa, sai in maslaharsa ta hana. A Ingila, ƙarƙashin dokar yara ta 1989, kaka na neman izinin kotu kafin ta shigar da buƙatar ganin jika. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli, a shari'ar Troxel ta 2000, ta fifita ra'ayin iyaye nagari a kan buƙatar kakanni. Tsarin Maroko shi ne mafi kusa da Katsina, domin daga tushe ɗaya aka ciro shi.

Na biyu shi ne ciyarwa. Abinci, sutura da magani suna kan uba ko da yaro yana hannun kaka, kuma ita ke da ikon karɓa. Amma an saba mayar da riƙon kaka hanyar sauke nauyi: uba ya ce tunda sun ƙi ba shi ɗansa, su ciyar. Idan uba ya rasu, Malikiyya ba ta wajabta wa kakan wajen uba ciyar da jikoki ba, sai dai a ciyar da su daga gadonsu in akwai. Inda babu, tsohuwa kan ɗora wa jikanya tallan ƙosai ko gyaɗa, makaranta ta zama sai an samu sarari.

Na uku shi ne gado. Jikan da ubansa ya rasu kafin kakansa ba ya gadon kakan idan akwai baffanni maza a raye. Masar ta kafa wasiyya ta wajibi a 1946 domin irin waɗannan marayu. Ko ba a kai ga doka ba, ƙofa a buɗe take: tunda jikan ba magaji ba ne, kaka na iya yi masa wasiyya har zuwa kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa, ko ya ba shi kyauta tun yana raye, da shaidu da rubutu.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu masu ƙarfi. Ta farko, ba kowace kaka ce ta dace da riƙo ba: akwai tsufa, akwai ciwo, akwai shagwaɓa yaro, akwai mai cusa masa ƙin ubansa. Gaskiya ne, kuma fiƙihu ya riga ya yi tanadi. Mai reno sai ta kasance mai hankali, mai amana, mai ƙarfin ɗawainiya, a wuri mai tsaro, kuma tsohuwar da ta kasa ba ta cika sharaɗi ba. An ma shar'anta kada ta zauna gida ɗaya da uwar da riƙo ya faɗi daga hannunta. Auna waɗannan aikin alƙali ne, ba hukuncin da uba zai yanke wa kansa ba. Hujja ta biyu ita ce kai suruki ƙara yana kashe zumunci. Wannan ma haka ne, shi ya sa bai kamata a jira tsohuwa ta shigar da ƙara ba, domin kunya ba za ta bar ta ba.

Mafita tana hannun waɗanda maganar ta riga ta zo gabansu. Duk lokacin da alƙali ya tabbatar da saki, ko ya raba gadon da ya ƙunshi marayu, ya tambayi kakannin ɓangarorin biyu, ya rubuta wanda ke da riƙo, adadin kuɗin ciyarwa da ranar biyansa, da lokutan ziyara: hutun makaranta, sallah ƙarama da babba, rashin lafiya. Alƙalin Alƙalai na jiha na iya mayar da wannan ƙa'idar aiki ga duk kotunan shari'a. Masu unguwanni, dagatai da hakimai, waɗanda galibin sulhu ke ƙarewa a zaurukansu, su riƙa rubuta yarjejeniyar da aka cimma. Majalisar Dokoki, wadda ta zartar da dokar kare yara a 2020, na iya ƙara mata sashe irin na Maroko. Jami'an jin daɗin jama'a da hukumomin zakka kuwa su san gidajen da kakanni ke riƙe da marayu, su sa su a gaba wajen rabo.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma yaro ɗan shekara biyar ba ya iya kai kansa Kurfi daga Dutsin-Ma. Sai babba ya kai shi, kuma babban da ke fushi da tsohuwar matarsa ba ya kai shi sai an ɗora masa. Layi uku a takardar hukunci sun isa su hana yaron da ya rasa zaman iyayensa tare ya sake rasa rabin danginsa.