WA YA KE TAYA WA RENO?

Yau a kan wata 'yar kalma za mu yi magana, wadda kullum tana bakinmu amma ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba. Kalmar ita ce "taya".

Ranar wata Talata na kai ɗiyata allurar rigakafi. Muna zaune a kan benci mu wajen goma sha, kowace da nata a cinya, sai ga wani magidanci na nan Fammar ya jingine kekensa, ya kwance jariri daga ƙirjinsa inda ya ɗaure shi da rawani, ya nemi gefen benci ya zauna. Matarsa zazzaɓi ya kwantar da ita, ranar allura kuwa ta zo, shi ne ya ɗauko yaron da kansa. Kafin ya gyara zama wata ta ce, "Malam, ina uwarsa?" Wata ta ce, "Allah Sarki, yana taya ta reno." Wata tsohuwa daga can baya ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa ƙwarai ba, ta ce, "Mijin ta ce ke nan." Aka tuntsire da dariya. Ni ma na yi murmushi, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin bai tanka ba, aka yi wa yaro allura ya hau kekensa ya tafi. Bayan mako huɗu da muka koma ta gaba, ban gan shi ba, ban ga matarsa ba, ban ga yaron ba.

To, ku dubi maganar nan da kyau. Wanda a ke taya aiki shi ne mai aikin. In maƙwabcinka ya taya ka nome gona, gonar taka ce, shi kuwa alheri ya yi, in ya ga dama gobe ya ƙi zuwa ba mai ganin laifinsa. Ashe duk sa'ad da muka ce uba yana taya reno, mun faɗa masa ke nan a fakaice cewa ɗan ba aikinsa ba ne. Haka kuma mu kan ce "ya riƙe mata yaro ta yi wanka". Wa ya taɓa jin an ce mace ta riƙe wa mijinta yaro don ya je masallaci? Wannan 'yar "mata" da mu ke sakawa a tsakiyar magana ita ce ke mayar da uba baƙo a wurin ɗan cikinsa.

Ki kasa kunne a tsakar gidanku yau da dare. Yaro ya fashe da kuka, mai gida zai ɗaga murya ya ce, "Ke, zo ki ɗauki ɗanki." Ya yi kashi a tabarma, ɗanki ne. Ya fasa wa maƙwabta tulu, sai a ce uwarsa ba ta kwaɓarsa, har ma Bahaushe ya yi karin magana da ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Amma bari yaron nan ya sauke Alƙur'ani, ko ya zo na ɗaya a jarrabawa, nan da nan za ki ji an ce ai ɗan Malam wane ne, kyan ɗa ya gaji ubansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da aure ya mutu. A ranar ce "ɗanki" ke rikiɗa ya koma "ɗana". Sai ki ji ana cewa ta ajiye masa 'ya'yansa kafin ta fita, ko kuwa da an yaye na goye za a aiko a karɓa. Mutumin da bai san sa'ad da yaro ke jin yunwa ba, bai san da wace murya a ke lallashinsa ba, shi ne zai karɓe shi ya miƙa wa kishiyar uwa ko wata gwaggo. Alhali malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Wannan magana ce mai tsawo, sai wani makon.

Kada ku ce na zo cin mutuncin maza. Ko kusa. Uba a ƙasar Hausa yana da nauyi mai yawa a kansa, kuma mun san sunan kowane ɗaya: itacen wankan jego, kayan kunun kanwa, kayan ƙauri, ragon suna, ci da sha da sutura, kuɗin magani. Mutanenmu na Rano da Kibiya da damina suna gona tun asuba, da rani wasu su tafi noman rani wajen Bunkure da Kura inda ruwan Tiga ke ratsawa, wasu su tafi ci rani har Kudu, duk don bakin yaran nan. Ban raina wannan ba. Abin da na lura shi ne, duk kalmomin da mu ke da su na aikin uba na abin da a ke saye da kuɗi ne. Goyo da reno da lallashi da yaye kuwa, da an ambace su mace ce ke faɗowa a rai. Ga uba nan yana ɗora ɗansa a kan keke ya kai shi makarantar allo, yana koya masa riƙon fartanya, yana zaunar da shi a gefensa a ci tuwon dare. Wannan in ba reno ba ne mene ne? Amma da ya ke ba mu kiransa da sunan, shi kansa mai yin bai san yana yi ba, kuma ba ya yarda ya matsa kusa da jariri.

Wata za ta ce ai kunya ce, al'adarmu ce. Gaskiya ne akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ke ɗauke shi bayan yaye. Baba ta Karo ta ba da labarin wannan al'ada a littafin tarihin rayuwarta da aka buga a 1954, har yau kuwa ba ta mutu ba a ƙauyukanmu. Amma ku tuna abu biyu. Kunyar ɗan fari ta hau kan uwa da uba ne baki ɗaya, duk da haka ba ta hana uwa ba shi nono da wanke masa jiki ba. Sa'an nan ta ɗan fari ce. Yaya aka yi uba ya shimfiɗa ta har kan na biyar da na shida, har kan auta?

In kuwa addini a ke tunani, to ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo kuwa bai yaba masa a kan haka ba. Wace ce a cikinmu za ta buɗe baki ta kira wannan da sunan da aka kira mai keken nan?

Na ce a cikinmu, domin abin kunyar shi ne mu mata mun fi kowa jifa da waɗannan kalmomi. Uwar miji ce ke cewa an shanye mata ɗa don ta gan shi da jika a kafaɗa. Ƙanwar miji ce ke cewa an mallake yayanta. Kishiya kuwa, in ya ɗauki na ɗakin can bai ɗauki nata ba, ranar ba a kwana lafiya, har mai gida ya ga hanyar zaman lafiya ita ce kada ya taɓa ko ɗaya. Mu ne da kukan aiki ya yi mana yawa, mu ne kuma da dariya in an zo ɗauke mana.

Abin bai tsaya a kan gajiyar uwa ba, har da ran yaro a ciki. Rigakafin jariri yana da ranaku: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sa'an nan wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara. Allurar da a ke yi sau uku a makonnin nan ita ce ke tsare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa. Ba mu manta ba yadda mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya ratsa 2023, Jihar Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su sami cikakken rigakafi ba. A gidajenmu mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin mota ma a aljihunsa ya ke. Watau mai izini da kuɗi an gaya masa yaro ba ruwansa, wadda aka ce da ruwanta kuwa ba ta da izini ba ta da kuɗi. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun sha jin amsar nan a ƙofar gida: "Mai gida ba ya nan." Ki tambayi mai gidanki yau ko ya san inda katin rigakafin auta ya ke.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gane wannan da wuri. Tun wajen 2008 aka fara abin da su ke kira makarantar mazaje a jihar Damagaram, da taimakon Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta masu mutunci a gari su kan taru su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti da lafiyar yara, sa'an nan su ja hankalin sauran maza. Hausawa ne kamarmu, rawaninsu bai faɗi ba. A nan gida kuma, a watan Satumba na 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Da labarin ya iso ɗakin malamai na makarantarmu, abin da wani ya fara cewa shi ne, "To, shi ma wankan jegon zai yi?" Manomin Fammar dai ba shi da ofishin da zai ba shi hutu, abin da ya ke bukata kurum a bar shi ya ɗauki ɗansa ba tare da an yi masa waƙa ba.

Ku kuma 'yan makaranta, da ku na ke. Kwanan baya na rubuta wa 'yan ajina jimla biyu a allo na ce su cika: "Baba yana ..." da "Inna tana ...". Baba ya tafi gona, ya tafi kasuwa, yana sauraron rediyo. Inna tana daka, tana goyo, tana wanke wa ƙanena jiki. Yarinya ɗaya tak ta rubuta "Baba yana ba Auta koko", 'yan ajin suka yi mata dariya har ta sa hannu za ta goge. Na hana ta, na ba ta maki cikakke, na sa ta karanta da ƙarfi sau biyu. Ke da za ki yi aure nan da 'yan shekaru, ki fara gyara bakinki tun yanzu. In kin ga yayanki da jaririnsa a hannu, kada ki ce yana taya matarsa, ki ce yana renon ɗansa. In yaro ya yi kuka a gabanki, kada ki ruga neman uwarsa alhali ga ubansa zaune.

Ke kuma uwargida, in ya ɗauka kada ki tsaya a kansa kina cewa ba haka a ke riƙewa ba, za ka karya masa wuya, kawo shi nan. Ke ma ba da iyawa aka haife ki ba, a kan ƙannenki kika koya tun kina 'yar shekara bakwai. Nuna masa yadda a ke tallafe kai sau ɗaya, ki juya ki ci gaba da tuƙin tuwonki.

Mai keken nan kuwa na bincika na sami gidansu. Matar ta warke, amma an tsallake allurar mako 10, ita tana cewa bai ba ta kuɗin mota ba, shi yana cewa ba zai sake zama cikin mata a yi masa dariya ba. Na gaya musu ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya a ke ɗorawa. Na kuma ba shi haƙuri a kan murmushin da na yi. Mun yi alkawari ranar Talata mai zuwa zan biya musu da safe mu tafi tare, shi ne kuma zai riƙe katin.